Bin sawun kaya: karatun da ya sa ɗan makiyayi auna kashin shanu a sikeli

Wannan taƙaitaccen bayani ne na shirinmu na makiyaya da 'yan kasuwar iyaka. Mun rubuta shi saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji ko suna kan hanya, da masu son a karanta musu a rumfar kasuwa.

Tushen maganar saƙo ne daga wani dattijo makiyayi a yankin Dakoro. Ya ce ya sayar da bijimai biyu ya kai ɗansa jami'a, yana sa ran yaron zai dawo likitan dabbobi. Sai ga shi ya zo hutu da sikelin rataye da littafi. Kullum da asuba yana bin makwancin shanu yana kwashe kashi yana aunawa, da hantsi ya yanki ciyawa ya auna, da yamma ya tsaya kan ƙwaryar nono. Da aka tambaye shi sai ya ce aikin kammala karatu ne. Dattijon na son ya sani ko wannan karatu ne, ko kuwa kuɗin bijimansa sun bi iska.

Karatu ne, Baba, kuma yana da suna. In aka juya sunan daga Turanci zai ba da wani abu kamar nazarin kwararar kaya. Mu dai a shirin mun kira shi bin sawun kaya, don shi ya fi kama da aikin. Yadda makiyayi ke bin sawun saniyar da ta ɓata tun daga inda ta bar garke har inda ta tsaya, haka ɗalibin wannan fanni ke bin sawun abu: daga ina ya shigo, ina ya biya, nawa ya fita, nawa ya maƙale a ciki. Abin na iya zama ciyawa, ko ruwa, ko ƙarfe, ko shinkafa, ko leda.

Dokar da aka gina shi a kai guda ɗaya ce, kuma duk mai shago ya san ta. Abin da ya shigo dole ya yi daidai da abin da ya fita haɗe da abin da ya rage. Buhu 100 suka shiga sito, aka sayar da 70, to sai a tarar da 30. In 26 aka tarar, ba a cewa sun ɓace. Ana tambayar yaron shago, ko a duba littafin bashi, ko a nemi ramin ɓera. Abin da masu kimiyya suka ƙara shi ne dokar ba ta tsaya kan buhu ba. Itacen da aka ƙona ma bai ɓace ba. In ka haɗa nauyinsa da na iskar da wutar ta ci, zai yi daidai da na toka da hayaƙi da tururin da suka fito.

Wanda aka fi danganta dokar da shi wani Bafaranshe ne, Antoine Lavoisier, da ya bayyana ta a littafinsa na 1789. 'Yan kasuwa za su so jin sauran labarinsa. Ban da kimiyya, mutumin nan yana cikin kamfanin da ke karɓar haraji da sunan sarkin Faransa, kuma yana da hannu a shawarar zagaye birnin Paris da ganuwa don kada kaya su shiga ba a biya kuɗin ƙofa ba. Mutanen gari ba su yafe masa ba. Da juyin juya hali ya zo, aka sare kansa a 1794 tare da abokan aikinsa na haraji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amfani da dokar a kan gari guda ko ƙasa guda ya zo ne daga baya. A 1965 wani injiniyan ruwa a Amurka, Abel Wolman, ya ɗauki misalin birni mai mutum miliyan ɗaya ya lissafa shi tamkar dabba mai ci da kashi. Kullum birnin na haɗiye tan 625,000 na ruwa da tan 2,000 na abinci, yana fitar da tan 500,000 na ƙazamin ruwa da tan 2,000 na shara. Daga nan malamai a Suwizalan da Ostiriya suka tsara hanyar sosai. Biyu daga cikinsu, Paul Brunner da Helmut Rechberger na jami'ar fasaha ta birnin Viyana, sun fitar da littafin koyar da ita a 2004, kuma a jami'ar ne aka ƙirƙiro manhajar kwamfuta mai suna STAN da ɗalibai ke saukewa kyauta. Da irin wannan lissafi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta gano cewa abin da ɗan Adam ke haƙowa da girbewa daga ƙasa ya tashi daga tan biliyan 27 a 1970 zuwa biliyan 92 a 2017.

Su can damuwarsu shara ce da ƙarafa da hayaƙin masana'antu. Ɗan Baba kuwa ya ɗauko hanyar ne ya aza kan garke, kuma ta hau daidai.

Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne shata iyaka, ta wuri da ta lokaci. Garke ɗaya kake lissafi ko gunduma? Wata guda ko shekara? Ya zana babban akwati a takarda, duk abin da ke ciki nasa ne, duk abin da ya ƙetare layin ko dai shigowa ce ko fita. A cikin babban akwatin sai ƙanana: makiyaya, garke, gona, rumbu, kasuwa. Tsakaninsu sai kibiyoyi, kowace kibiya da adadinta, mai kauri ga abu mai yawa, siririya ga kaɗan. Duk akwatin da kibiyoyin shigarsa ba su yi daidai da na fitarsa ba, to ko dai wani abu na taruwa a ciki, ko ana cin ajiya, ko kuma akwai kibiyar da ɗalibin bai gani ba. Malamai sun fi son wannan ta ukun, don nan binciken yake.

Sai maganar ma'auni, kuma a nan sababbin ɗalibai ke yawan faɗuwa. Ba a haɗa dami da buhu da tiya, sai an mai da komai kilo. Kilon ma iri biyu ne. Ɗanyar ciyawar damina galibinta ruwa ne, don haka ake busar da samfuri a tanda a sake aunawa, a yi lissafi da busasshen nauyi. Masu albasar Galmi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Albasar da aka zuba a rudu da bazara ba ita ake kwasowa da damina ba: wani nauyin ya tafi iska a matsayin ruwa, wani ya ruɓe. Wanda bai sa kibiyar ruwan nan a lissafinsa ba, mai gadi zai zarga da sata.

To mu gwada da garke. Ma'aunin da malaman kiwo ke aiki da shi a ƙasashenmu shi ne dabba mai nauyin kilo 250, wadda ke buƙatar kilo 6.25 na busasshen abinci a rana. A ce Baba na da shanu 40, kuma da yake akwai maruƙa da ƙanana, a ce sun yi daidai da manya 32. Kullum ke nan suna buƙatar kilo 200. Daga ɗaukewar ruwa zuwa fitowar sabuwar ciyawa ana ƙiyasta wata tara, kwana 270. Kilo 200 sau 270 ya ba da tan 54. Amma fa ba duk ciyawar da ido ya gani a kaka ce ke shiga bakin saniya ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku ake lissafawa. Sauran kofato ya tattake, gara ta ci, iska ta kwashe, wani kuma dole ya zauna ya rufe ƙasa. Ke nan sai an sami kimanin tan 160 a tsaye. In shekarar hekta na ba da tan ɗaya, garken nan kaɗai na neman fili hekta 160. In ruwa ya gaza hekta ta ba da rabin tan, filin ya ninka.

Wannan ba wasan ɗalibai ba ne kawai. Irin lissafin nan ma'aikatar kiwo ta Nijar ke yi duk ƙarshen damina. Ma'aikata na fita su yanki ciyawa a wuraren da aka ware, a haɗa da hotunan tauraron ɗan Adam, a ƙara da kara da harawar gonaki, sannan a kwatanta da buƙatar dabbobin ƙasa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai na irin wannan sa ido ga yankin Sahel baki ɗaya. Bayan daminar 2009 lissafin ya nuna gibin kimanin tan miliyan 16. Waɗanda suka ga bazarar 2010 sun san abin da adadin nan ya zama a ƙasa: mushe a bakin rijiyoyi, da saniyar da ba ta kai kuɗin buhun gero ba. Gibin ya fito a takarda watanni kafin dabbobi su fara faɗuwa. Da wannan takarda ake neman dusa da abincin dabbobi mai rahusa, da ita ake yanke shawarar yankin da za a fara kai wa. Makiyayin da ya ji adadin da wuri, yana iya rage garke tun shanu na da nama a jiki.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Akwatin ma'aikata iyakar ƙasa ne, saniya kuwa ba ta san shi ba. Da rani garkuna na gangarawa Najeriya da Benin, da damina wasu na hawowa arewa. Masu amalanke na yankar ciyawar daji su kai birni. Gobara ɗaya na iya cinye abin da aka rubuta a matsayin ajiyar wata tara. Kowane ɗaya kibiya ce, kuma adadinsu ba ya ofis. Yana wurin ardo da sarkin zango da dillalan kara. Ranar da wata ƙasa ta rufe burtali, kamar yadda Benin ta hana shigar garkunan ƙetare a ƙarshen 2019, kibiyar fita ta yanke, bakunan da aka zaci za su ci a waje sun dawo kan ciyawar gida, lissafin shekarar gaba ɗaya ya canja.

Yanzu mu zo kan kashin da yaron ke aunawa. A mataki na gaba ɗalibi na barin bin kaya ya koma bin sinadarin da ke cikin kayan. Kun san haruffa uku da ke jikin buhun takin zamani, N da P da K. Su ne abincin ƙasa. Gero na zuƙe su, ciyawa na zuƙe su, duk buhun da ya bar gona ya tafi da rabonsa. A 1990 wasu masu bincike biyu na ƙasar Holan, Stoorvogel da Smaling, sun yi wa ƙasashe 38 na Afirka kudu da Sahara wannan lissafi. Suka sami cewa a tsaka-tsaki kowace hekta ta noma na asarar kilo 22 na N, da kilo 2.5 na P, da kilo 15 na K duk shekara. Don ku gane girman abin, buhun yuriya mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23 na N. Wato kamar kowace hekta na zubar da buhu guda a shekara ba a mayar mata ba.

Adadin ya tayar da hankali, amma an yi masa gyara mai ma'ana, kuma daga kusa da mu gyaran ya fito. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya daɗe yana koyarwa a jami'o'in Zariya da Kano, ya nuna cewa a karkarar da ke kewaye da Kano ana noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, kuma ba ta mutu ba. Jakai na kai itace birni su dawo da taki. Ana ciyar da awaki da tumaki harawa, a kwashe takinsu a mayar gona. Wake da gyaɗa na ƙara wa ƙasa N daga iska. Frances Harris, wadda ta auna gonaki ɗaya bayan ɗaya a yankin cikin shekarun 1990, har ƙurar hunturu ta sa a lissafi, don hazon nan da muke tsinewa yana sauke wa gona abinci. Wanda ya zana akwatinsa a kan ƙasa guda ba zai ga waɗannan ƙananan kibiyoyi ba. Dukkansu biyun sun yi lissafi daidai, girman akwatin ne ya bambanta.

A cikin wannan zane saniya 'yar dako ce. Mafi yawan N da P da K da ta ci ba sa zama a jikinta, suna fitowa a kashi da fitsari. Ta ci a daji da rana, ta sauke a inda ta kwana. Shi ya sa kakanninmu manoma ke ba makiyayi damman gero don ya kafa shanunsa a gonarsu bayan girbi. Gwaje-gwajen da aka yi a Nijar sun nuna gonar da dabbobi suka kwana a kanta ta fi wadda aka kawo wa busasshen kashi kaɗai ba da gero, saboda fitsarin, wanda ba a iya ɗaukarsa a mangala. Yau manomi na kwashe kara tas ya sayar, don yana da kuɗi kuma shi ma yana da dabbobi, makiyayi kuma ba ya samun wurin sauka. Kowa na da hujjarsa. Amma a takardar ɗalibi abin da zai bayyana shi ne kibiyoyi biyu: ta fitar kara ta yi kauri, ta shigowar taki ta sirance. Mu a ganinmu, da za a riƙa ajiye wannan takarda a gaban masu sulhun manoma da makiyaya, da wata maganar ta sauya.

Alhazan iyaka, ga naku. Hanyar nan tana iya ganin kayan da ba su bi ta gaban kwastan ko duwan ba, ba tare da an tare mota ko ɗaya ba. Akwai shekarun da Benin, mai mutane kusan miliyan 12, take cikin manyan masu sayen shinkafar Tailan a duniya. Mai lissafi zai rubuta abin da aka noma, ya ƙara abin da ya sauka a tashar Kwatano, ya cire abin da mutanen ƙasar za su iya ci ko da sau uku suke cin shinkafa a rana. Ragowar ba ta cikin sito, ba ta kuma cikin takardun fitarwa. Kowa ya san inda ta bi. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, shinkafar da Benin ke saye ta faɗi warwas. Haka abin yake ga dabbobi: abin da aka rubuta ya fita daga wannan gefe da abin da aka rubuta ya shiga wancan ba su cika haɗuwa ba, alhali duk ranar kasuwar Maigatari ko Illela ido na ganin tireloli.

Kun ga dalilin da ya sa muka ce ku riƙe labarin Lavoisier. Ɗan kasuwar da ya ga yaro da littafi a bakin kara ya yi shiru, ba wauta ya yi ba. Adadin da ke nuna inda abinci ke bi, shi ne kuma ke nuna inda za a dasa shinge. Ba za mu ce muku lissafi ba ya cizo ba. Sai dai ɗaya gefen ma yana da tsada. Sana'ar da ba ta cikin lissafi, ranar rabon hanya da rijiya da wurin lodi ba a tuna ta, ranar rufe iyaka kuma mai sa hannu bai san yawan bakunan da ya rufe ba. Abin da za ku iya yi shi ne ku tambayi ɗalibin wace makaranta ta aiko shi, ku ga takardarsa, ku ce kada ya rubuta suna. Binciken ƙwarai ba ya buƙatar sunan kowa, yawan kawuna da nauyi da inda aka nufa kawai yake so. In kuma ba za ku faɗa ba, shiru ya fi adadin ƙarya. Ana koya wa ɗalibai su rubuta kowane adadi tare da gwargwadon shakkar da ke kansa, kuma manhaja irin STAN na daidaita kibiyoyin ne ta hanyar matsa waɗanda aka fi shakka. Adadin ƙarya da aka faɗa da ƙarfin hali sai ya tsaya daram, ya karkatar da na gaskiya.

Akwai akwati ɗaya da muke fatan wani ɗalibi zai zana, wato na leda. Tana shigowa da kowane ƙullin sukari da ruwan sanyi, ba ta ruɓewa, kuma babu kibiyar fita ta kirki. Inda ba fita, sai taruwa. Nijar ta yi dokar hana ta tun 2014, amma ku dubi ƙayoyin bakin kowace kasuwa. Ɗaya daga wuraren da take taruwa tumbin dabba ne. Mahauta sun sha fasa cikin akuyar da ta rame tana cin abinci, su tarar da dunƙulen leda ya cika tumbin. Da za a sami wanda zai zauna a mahauta wata uku da sikeli, da mun san ko asarar nan ta kai yadda muke zato.

Saboda haka, Baba, a bar yaro da sikelinsa. Masu wannan karatu na samun aiki a ma'aikatun kiwo da noma da muhalli da cibiyoyin bincike, in Allah ya sa da rabo. Kafin nan ma kana iya cin moriyarsa. Bayan kaka ka kai shi inda kuke niyyar yin rani, ya yi lissafinsa ya faɗi kwana nawa filin zai riƙe garken, kai ma ka duba da idonka ka faɗi naka, ku ga wanda zai fi kusa. Ka kuma tambaye shi ina ya sa fitsarin a lissafinsa, tunda kashi kaɗai ka ga yana kwasa. Yadda ake auna fitsarin saniya a tsakiyar daji kuwa, wannan tsakaninsa ne da malamansa.